Dharmendra, Sarkin Ƙarfi da ya yi shekara 65 a gaban kyamara

Ranar 24 ga Nuwamba 2025 Dharmendra ya mutu a gidansa da ke Mumbai, saura sati biyu cif ya cika shekara 90 a duniya. Dama tun farkon watan yake kwance a asibiti, har wasu kafafen labarai na Indiya sukai azarɓaɓin cewa ya mutu tun ranar 11 ga wata, sai da matarsa Hema Malini da 'yarsa Esha suka fito rai a ɓace suka ƙaryata, aka sallamo shi ya koma gida, ashe dai kwanan ya kusa ƙarewa. Tun lokacin nake son in yi rubutu a kansa, saboda duk inda na leƙa cikin mutanenmu maganar ɗaya ce, Sarkin Ƙarfi ya tafi, a ɗora hotonsa ya dunƙule hannu zai kai naushi, shikenan. Kuma ba ƙarya sukai ba, sunan da Hausawa suka raɗa masa kenan tun zamanin silima, ya kuma ci sunan, can Indiya ma He-Man suke ce masa. Amma ni abin da ke tsaya min a rai shi ne, mutumin nan shekara 65 yai yana fim, sama da fim 300, kuma wallahi ba ƙwanji ne ya riƙe shi duk tsawon lokacin nan ba. Masu ƙwanji nawa suka zo suka wuce, yau ko sunansu ba mai iya kawowa.

An haife shi ranar 8 ga Disamba 1935 a wani ƙauye da ake kira Nasrali a yankin Ludhiana na jihar Punjab, ya tashi a Sahnewal inda babansa yake hedimasta. Gidan manoma ne 'yan kabilar Jat, babu wanda ya taɓa shiga harkar fim a danginsu, babu kawu furodusa, babu ɗan uwa darakta, kuma duk wanda ya san masana'antar Indiya ya san yadda gado ke aiki a cikinta, gidan su Kapoor kaɗai ya isa misali. Aure ma da wuri akai masa irin na ƙauye, 1954, yana ɗan shekara 19, da Prakash Kaur. Yaro ne dai mai shegen son kallo, Dilip Kumar ne gwaninsa, kuma har ya tsufa bai daina faɗin haka ba, duk hirar da za ai da shi sai ya sako Dilip. Abin da ya buɗe masa ƙofa gasar neman sababbin fuskoki ce da mujallar Filmfare ta shirya a ƙarshen shekarun 1950, ya tura hotonsa, ya ci, ya hau jirgin ƙasa ya nufi Bombay, wato Mumbai ta yanzu, ya bar mata da ɗa a gida. To cin gasa daban samun aiki daban. Fim ɗin da akai wa waɗanda suka ci alkawari bai yiwu ba, ya sha yawon ofisoshin furodusoshi da yunwa a cikinsa kafin Arjun Hingorani ya saka shi a Dil Bhi Tera Hum Bhi Tere a 1960. Fim ɗin bai yi wani tashe ba, amma Dharmendra bai taɓa mantawa da wannan hallaci ba, ya ci gaba da fitowa a finafinan Hingorani shekara da shekaru bayan ya zama babban tauraro, lokacin da yake da ikon ya ce ba shi da lokaci. Wannan hali na riƙon amana shi ma yana cikin abin da ya sa ya daɗe, zan dawo kansa, don ta wani gefen kuma shi ya cuce shi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne shekarunsa na farko ko mari ba ya yi a fim. Yaro ne kyakkyawa mai kunya, mai magana ƙasa-ƙasa, kuma yawanci finafinan na mata ne, jarumar ce ke ɗauke da labarin shi yana gefe. Manyan jarumai maza na lokacin ba sa son irin wannan rol ɗin, shi kuwa ya karɓa, ya fito da Nutan, da Mala Sinha, da Meena Kumari, duk sun girme shi a sana'a. Ku duba Bandini na 1963, fim ɗin ƙarshe da Bimal Roy ya ba da umarni. Likitan gidan yari ya fito, ya kamu da son wata fursuna da aka ɗaure kan kisan kai, ya san laifinta kuma ya ce ya ji ya gani zai aure ta, a ƙarshe ta zaɓi tsohon masoyinta da ke fama da ciwo ta bar shi. Fitowarsa a fim ɗin ba ta da yawa, amma kana ganin fuskarsa za ka yarda cewa akwai mutum mai irin wannan zuciyar, kuma ba kowane ɗan wasa ke iya sa ka yarda da kirki ba. Mugunta tafi sauƙin kwaikwayo, ka zare ido ka daka tsawa an gama. Kirki kuwa in ba a iya ba sai ya koma sakarci ko wa'azi.

Sai 1966 aka yi Phool Aur Patthar, nan ne Sarkin Ƙarfin da muka sani ya fara fitowa. Ɓarawo ne mai suna Shaka, annoba ta watsa gari ya shiga wani gida sata, bai tarar da kowa ba sai wata bazawara, Meena Kumari, dangin mijinta sun kulle ta sun gudu sun barta ta mutu. Maimakon ya kwashi kaya ya fece sai ya tsaya jinyarta. Akwai wani sin da har yau ake maganarsa, ya dawo gida cikin dare a buge, ya tuɓe riga, ya tsaya a kanta tana kwance, duk mai kallo gabansa na faɗuwa don an san abin da irin wannan tsayuwar ke nufi a fim, sai kawai ya ja bargo ya lulluɓe ta ya juya. Mutane suka riƙe maganar tuɓe rigar, don a lokacin jaruman Indiya ba sa haka, aka dinga zancen ƙirjinsa da damatsansa. Ni kuma bargon nake gani. Duk Dharmendra yana cikin wannan sin ɗin, ƙarfin da zai iya cutarwa amma ya zaɓi ya kare, kuma in ka cire bargon ka bar ƙirjin kawai to ɗan dambe ka samu, ba jarumi ba. Fim ɗin shi ya fi kowane kawo kuɗi a Indiya a shekarar, daga nan kuma furodusoshi suka gano inda kasuwa take.

A shekarar dai ya yi Anupama da darakta Hrishikesh Mukherjee, inda ya fito marubuci talaka mai sanyin hali. Kun ga a shekara ɗaya mutum biyu, kuma da an bar shi da ya ci gaba da tafiya da su biyun.

Yanzu bari in zo kan fim ɗin da saboda shi na zauna rubutun nan, Satyakam na 1969, shi ma na Hrishikesh Mukherjee. Dan Allah duk wanda ke cewa Dharmendra faɗa kawai ya iya ya nemi wannan ya kalla, ko da ba fassara. Injiniya ya fito, Satyapriya, ya gama karatu dab da Indiya za ta samu 'yancin kai, kakansa ya rene shi kan cewa gaskiya ita ce komai, ya fito duniya da zaton sabuwar ƙasa za ta zama ta masu gaskiya. Aikinsa na farko a wata masarauta ya haɗu da wata yarinya, Sharmila Tagore, wadda yariman garin ya sa wa ido, ta nemi ya cece ta, ya tsaya jinkiri na dare ɗaya yana tunani, kafin gari ya waye an lalata mata rayuwa. Sai ya aure ta da cikin da ba nasa ba, ya riƙe yaron, kakan nasa ya juya masa baya. Daga nan kuma sai yawon aiki, duk inda aka kai shi sai an kawo masa takardar kwangilar da akai ha'inci ya sa hannu, sai ya ƙi, sai ai masa canjin wurin aiki ko ya ajiye, abokan karatunsa suna gina gidaje shi yana ƙara tsiyacewa, har abokinsa na ƙut da ƙut ya fara gajiya da taurin kansa. Abin da ya burge ni shi ne fim ɗin bai mai da shi waliyyi ba, ana nuna maka yadda gaskiyar tasa ke wahalar da matarsa, yadda wani lokacin take zama kamar girman kai, kuma Dharmendra ya buga wannan duka da ido da shiru, babu ihu ko ɗaya. A ƙarshe ciwon daji ya kama shi yana kwance zai mutu ba abin da zai bar wa iyali, wani ɗan kwangila ya kawo takarda ya ce sa hannu ɗaya kawai a kula da matarka da ɗanka, karon farko a rayuwarsa ya sa hannun saboda ita, ya miƙa mata, ita kuma ta yayyaga takardar a gabansa. Murmushin da yai a wurin nan, ni dai ban taɓa ganin kamarsa a fim ɗin Indiya ba.

Mu da muke ƙasar da ake gina makaranta rufinta ya yaye a damina ta farko, kuma wani injiniya ne ya sa hannu ya ce aiki ya yi, wannan labarin ai namu ne fiye da duk wani faɗan kan doki. Fim ɗin ya samu lambar yabo ta ƙasa a matsayin fim ɗin Hindi mafi kyau na shekarar, shi kansa Dharmendra yana lissafa shi a gaba cikin ayyukansa, amma a kasuwa ya faɗi. Kuma kuɗin danginsa ne a ciki. Ina ganin darasin da ya ɗauka daga nan shi ne jama'a naushi suke so, kuma ba zan ce ya yi kuskuren lissafi ba, tunda mu ma nan abin da muka saya kenan.

Don ku tuna yadda finafinan nan suka iso mana. 'Yan kasuwa Lebanawa masu gidajen silima su suka fara kawo finafinan Indiya Arewa tun shekarun 1950, suka ga sun fi na Amurka karɓuwa, aka ci gaba. A Kano akwai su Plaza, Orion, Marhaba, Eldorado, daga baya gidajen talabijin suka ɗauka, sai kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje da gidajen kallo. Yawancin masu kallo ba sa jin Indiyanci, to fim ɗin da zai ci kasuwa shi ne wanda za ka gane da ido, ga akta ga bos, ga uwa an zalunce ta, ga 'yan uwa sun rabu suna yara za su haɗu a ƙarshe, ga waƙa ga faɗa. Fim irin Satyakam da duk nauyinsa yana cikin magana da shiru ba zai cika silima a Fagge ba. Shi ya sa rabin Dharmendra ne ya ƙetaro teku ya zo mana. Kawuna da ya yi zamanin silima sosai in yana ba da labari cewa yake in Dharmendra ya fara dukan 'yan bos gaba ɗaya silimar ke miƙewa, ana ihu ana fito, wasu har suna kai wa iska naushi, amma da na tambaye shi finafinan farko na baƙi da fari sai ya ce shi bai san ma ya yi irinsu ba.

Shekarun 1970 kam nasa ne, kuma a nan ne za ka ga abin mamakin. Daga 1969 Rajesh Khanna ya taso kamar guguwa, duk fim ɗin da ya saki sai ya ci, 'yan mata na haukacewa, jarumai da yawa na shekarun 1960 a nan tauraronsu ya dusashe. Dharmendra bai gezau ba, a 1971 ya saki Mera Gaon Mera Desh inda ya kare ƙauye daga 'yan fashi, Vinod Khanna ne bos. Sai Amitabh Bachchan ya taso daga 1973 ya ture Rajesh Khanna, nan ma Dharmendra na nan daram, a shekarar ya yi Jugnu da Yaadon Ki Baaraat duk suka ci. Wato bai taɓa zama shi kaɗai ne sarki ba kamar yadda waɗancan biyun suka zama kowa a lokacinsa, amma kuma ba a taɓa sauke shi ba. Sarauta na zuwa tana wucewa ta gefensa shi yana aikinsa.

Shekarar 1975 kaɗai ta isa a rubuta littafi. A cikinta ya yi Chupke Chupke, barkwanci tsantsa, farfesan ilimin tsirrai da ya ɓad da kama ya zama direba a gidan mijin yayar matarsa don kawai ya gwada wayon mutumin da matar ke ta yabo, yana ta zuba masa Hindi mai tsauri har mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Babu faɗa ko ɗaya, kuma in ka kalla za ka rantse ɗan barkwanci ne tun asali. A cikinta ya yi Pratiggya. Sannan ranar 15 ga Agusta aka saki Sholay na Ramesh Sippy, wanda ba sai na ba kowa labarinsa ba, Veeru da Jai, Gabbar Singh, Thakur da aka sare wa hannuwa, Basanti mai keken doki da surutu. Satin farko har an fara cewa fim ɗin ya faɗi, sai ga shi ya shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Sunan Dharmendra ne a sama a jerin 'yan wasan, kuma yana cikin waɗanda suka sa baki aka ba Amitabh rol ɗin Jai lokacin Amitabh bai gama kafuwa ba. Yau in ana zancen Sholay sai a tafi kan Gabbar da mutuwar Jai, to amma a cire Veeru a gani, fim ɗin zai koma baƙin ciki zalla na awa uku da wani abu. Shi ne ke sa ka numfasa. Sin ɗin da ya hau tankin ruwa a buge yana wa ƙauye shelar zai faɗo ya mutu in ba a ba shi Basanti ba, har yau 'yan Indiya in wani ya hau tanki ko falwaya yana zanga-zanga sai jaridu su ce ya yi irin ta Veeru. Kuma mutumin da ya ba ka dariyar nan shi ne a ƙarshe ya rungume gawar abokinsa yana kuka har ya gano kwabon da suke jefawa fuska ɗaya ce a duka gefen. Ba sauya murya yai ba, ba sauya kama ba, mutum ɗaya ne ka yarda da shi a duka biyun.

Sai Dharam Veer a 1977, na Manmohan Desai, da ɗan siket ɗinsa na mayaƙa da dawakai da shaho da takubba, wanda ina jin shi ya fi kowane tabbatar masa da sunan Sarkin Ƙarfi a wurinmu. Har Tarayyar Sobiyet fim ɗin ya yi kasuwa. Ƙaramin ɗansa Bobby ma ya fito a ciki, shi ya buga yarintar uban.

Maganar Hema Malini ba ta tsallakuwa. Sun fara fitowa tare a 1970, suka jera finafinai masu yawa, Seeta Aur Geeta, Raja Jani, Jugnu, Charas, Dream Girl, soyayyar fim ta koma ta gaske, sukai aure a 1980 alhali matarsa ta fari tana nan da 'ya'ya huɗu, Sunny, Bobby, Vijeta da Ajeeta. A wurinmu wannan ba labari ba ne, mutum ya ƙara aure, sai dai a tambaya ko yana adalci. A Indiya kuwa dokar auren mabiya Hindu ta 1955 ta hana mace biyu, don haka abin ya zama babban surutu, har aka yaɗa cewa musulunta yai don ya samu hanya, kuma na san da yawa a nan sun riƙe wannan maganar suna murna da ita. Shi dai da bakinsa ya musanta. Abin da ya tabbata shi ne bai saki Prakash Kaur ba har ya mutu, gida biyu ya riƙe, Hema ta haifa masa Esha da Ahana. Ni a labarin nan uwargidan nake tausayi, matar da aka aura tun yana ɗan ƙauye ba shi da ko sisi, ta zauna shekara 71 a gefe ba ta shiga jarida tana tone-tone ba, duniya kuma in ta tashi zancen matar Dharmendra ɗayar take nufi.

To daga tsakiyar shekarun 1980 ne abin ya fara ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba don ina son sa. Yana da Ghulami a 1985 mai kyau ne, 1987 ma ya yi shekara mai albarka, Hukumat ya fi kowane fim kawo kuɗi. Amma daga nan har ƙarshen shekarun 1990 sai ya koma karɓar duk abin da aka kawo masa, ƙananan finafinan faɗa masu arha da ake gamawa cikin 'yan kwanaki, labari ɗaya ne ake juyawa, an kashe wani nasa, ya yi rantsuwa, ya zare ido ya ce zai sha jinin bos, ya karkashe kowa. Mutum ya haura 55 ya doshi 60 ana rina masa gashi ana haɗa shi da 'yan matan da ya haifa. Wanda ya yi Satyakam fa. Masu kwaikwayon murya suka mai da shi abin dariya, yaran da suka taso lokacin su Shah Rukh da Salman da Aamir suka ɗauka dama can haka yake. Dalilan suna da yawa, ba ya iya ce wa mutum a'a musamman wanda suka taso tare ko wanda ya zo masa da kuka, ga ɗawainiyar gida biyu da dangi, ga kamfaninsa Vijayta Films da ya kafa yana zuba kuɗi don ya tsayar da 'ya'yansa, ga kuma giya da shi da kansa ya sha faɗa a hira cewa ya sha ta fiye da kima. Ta ɓangaren 'ya'yan kam ya ci riba, Betaab na 1983 ya fito da Sunny, Ghayal na 1990 ya ciyo lambar yabo ta ƙasa, Barsaat na 1995 ya fito da Bobby. Amma shi ya biya da sunansa, kuma shekarun da ya kamata a ce yana buga manyan rol na dattijai su ya ƙarar a wancan shirmen.

Abin da ya fi min ciwo shi ne maganar kambu. Sau 4 ana saka sunansa a takarar gwarzon jarumi na Filmfare, bai taɓa ci ba, ko sau ɗaya, kuma Satyakam ko cikin takarar bai kai shi ba. Mujallar da ta gano shi ita ta yi ta tsallake shi. Sai 1997 suka ba shi kambun girmamawa na tsawon aiki, Dilip Kumar ne ya miƙa masa, gwanin nasa tun yarinta, kuma a wurin Dilip ya faɗi maganar da ta shahara cewa in ya haɗu da Ubangiji zai tambaya me ya sa ba a yi shi da kyau irin na Dharmendra ba. Shi kuma da ya karɓi makirfo idonsa ya kawo ruwa, ya ba da labarin yadda duk shekara yake ɗinka sabuwar kwat ya nemo laktayen da zai dace da ita yana jiran a kira sunansa, ba a kira ba, har ya haƙura ya daina. Bidiyon yana nan a YouTube, ku nema. Dattijo ɗan shekara 61 da ya cika silimomi shekara 37 yana faɗin wannan a gaban yaran da suka tara kambuna a gida, babu ɗaci a muryarsa, kawai dai ya faɗi abin da ke ransa kamar yadda ɗan ƙauye zai faɗa. Ina ganin kyawunsa da ƙarfinsa su suka rufe wa alƙalan ido, an saba ɗauka cewa kyakkyawa mai ƙwanji ba ya iya wasa, kuma shi salon nasa ba ya nuna wahala, ba ka ganin yana yi, sai a ɗauka ba komai yake ba. Gwamnatin Indiya ta ba shi Padma Bhushan a 2012.

Siyasa ma ya taɓa, ya ci kujerar majalisar ƙasa daga Bikaner a jihar Rajasthan ƙarƙashin jam'iyyar BJP, 2004 zuwa 2009, aka yi ta sukarsa kan rashin zuwa zaman majalisa, ya gama wa'adinsa bai sake nema ba. Ba wurinsa ba ne.

Abin daɗin shi ne Allah ya ba shi tsawon ran da ya gyara ƙarshen. A 2007 ya fito a Life in a Metro, tsoho da ya dawo neman wadda ya so tun ƙuruciya, ya yi Johnny Gaddaar, ya yi Apne shi da 'ya'yansa biyu, kuma nan da nan aka tuna ashe mutumin nan ɗan wasa ne. A 2011 suka sake haɗuwa su uku a Yamla Pagla Deewana. Sauran lokacinsa kuma yana gonarsa a Lonavala, yana ɗora bidiyo a intanet yana nuna shanunsa da kayan lambun da ya noma, yana karanto baitocin da ya rubuta da Urdu, yana sa wa masu kallo albarka kamar kakansu. A 2023 yana da shekara 87 ya fito a Rocky Aur Rani Kii Prem Kahaani, kaka a keken guragu da mantuwa ta cinye, ba abin da ya rage masa sai baitoci da sunan wata mata. An yi ta cece-kuce kan sumbar da sukai da Shabana Azmi, ni ma ban ga amfaninta ba, labarin zai tafi ba ita, amma idanun nan na likitan Bandini suna nan ba su canza ba bayan shekara 60. Shekarar ce kuma Sunny ya dawo da Gadar 2, Bobby ya dawo da Animal, uba da 'ya'ya duk suka ci kasuwa a shekara ɗaya yana raye yana gani.

Fim ɗinsa na ƙarshe Ikkis bayan mutuwarsa ya fito, na Sriram Raghavan wanda sukai Johnny Gaddaar tare. Labarin gaske ne na Arun Khetarpal, sojan tankar yaƙi ɗan shekara 21 da aka kashe a yaƙin Indiya da Pakistan na 1971. Dharmendra ne uban, tsohon birgediya da ya je Pakistan shekara 30 bayan yaƙin don ya ga garin da aka haife shi kafin a raba ƙasar, wani hafsan Pakistan ya sauke shi a gidansa ya karrama shi, sai a ƙarshen ziyarar ya gaya masa cewa shi ne suka gwabza da ɗansa ranar da ya mutu. Wanda ya buga ɗan kuma Agastya Nanda ne, jikan Amitabh Bachchan. Ina roƙon masu fassarar Indiya-Hausa, tunda kun iya aikin kuma kuna da masu kallo, in kun gama da wannan ku koma baya ku ɗauko Satyakam da Anupama da Bandini ku fassara mana su, ko da ba za su yi kasuwar finafinan faɗa ba.